Dillancin Littafi Ma Amana Ne

A unguwar nan tamu ta Sabo, masu karatun nishaɗi ba mu da yawa, amma mun san juna. Akwai ɗan canjin da ke ajiye littafi ƙarƙashin benci ya jawo shi idan kasuwa ta yi sanyi, akwai tela, akwai malamar Islamiyya, akwai matan aure da ke karatu a waya bayan yara sun yi barci, akwai kuma 'yan makaranta da suka fi mu saurin ido. In biyu daga cikinmu suka haɗu, bayan gaisuwa da tambayar iyali, abin da ke biyo baya sananne ne: "Me kake karantawa kwanan nan?" Daga nan sai hira ta ɓarke. Wannan ya ce ya gama kaza, wancan ya ce ai kaza ya fi shi daɗi, kafin a rabu sai ka ji wani ya ce wa wani, "Wallahi nemi wannan ka karanta, ba za ka yi da-na-sani ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita muke so mu tsaya a kanta. Muna furta ta da sauƙi, kamar yadda muke ce wa matafiyi a sauka lafiya. To, shin haka take ba nauyi? Wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya karanta wani littafi, akwai abin da ya ɗauka a wuyansa, ko kuwa hira ce kawai wadda iska ke kwashewa? Mu dai a ganinmu akwai. Kuma nauyin ya fi yawa a kanmu mazauna kurmi fiye da 'yan'uwanmu da ke gida.

Dalili kuwa a fili yake. Mutumin Kano ko Zariya in yana son littafin Hausa, kasuwa zai shiga ya tarar da rumfuna, ya ɗaga wannan ya ajiye wancan, ya karanta shafi biyu a tsaye kafin ya fitar da kuɗinsa. Idonsa shi ne alƙalinsa. Mu fa? Ibadan gari ne na maɗaba'u, manyan kamfanoni irin su University Press da Evans suna nan Jericho, ba nisa da mu. Amma je ka nemi labarin Hausa a shagunan littattafan garin nan ka ga yadda za ka sha yawo. Galibi sai dai a yi saƙo: a ba direba, ko ɗan'uwa mai zuwa ganin gida, a rubuta masa sunan littafi a takarda, a jira mako biyu ko wata guda. Wanda kuma ke karatu a waya, sai ya tura kuɗi tukuna kafin a buɗe masa. Ke nan muna sayen abin da ba mu gani ba, bisa maganar wani. Bakin ɗan'uwa shi ne rumfarmu.

Sana'ar da muka gada

Irin wannan ciniki ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1916 da aka keɓe wa Hausawa wannan wuri, arzikin unguwar nan a kan abu guda ya tsaya, wato wani ya yarda da maganar wani. Falke ya taso da shanu daga Arewa, bai san kowa a garin Yarbawa ba, bai jin harshensu. Sai ya sauka wurin maigida. Maigida da dillalansa su suka san mahautan gari ɗaya bayan ɗaya: wane yana biya a kan lokaci, wane sai an bi shi, wane kuwa ko akuya kada a ba shi bashi. A sayar da shanu a kan lamuni, falke ya kwanta ya yi barci don maigida ya tsaya masa. In mahauci ya gudu, maigida ne zai san yadda zai yi. Haka fataucin goro ya gudana, daga gonakin Yarbawa zuwa kasuwannin Arewa. Jarin maigida na gaskiya shi ne sunansa. Ranar da aka ce maganarsa ba ta da tabbas, ranar fatake za su sauya masauki.

To, mai cewa "karanta wannan" dillali ne. Ya tsaya tsakanin marubucin da ba ya nan da makarancin da bai ga haja ba, ya ce wa makaranci, "Saya, na tsaya maka." Abin da makarancin zai biya kuwa ya wuce kuɗin littafi da kuɗin mota. Zai biya da lokacinsa. Ku duba mutumin da ya fita tun asuba, ya yini a tsaye a kara ko a kasuwar Bodija, bai sami zama ba sai bayan lisha. Awa ɗaya yake da ita kafin barci ya ɗauke shi. Littafi mai shafi ɗari uku zai cinye masa wannan awar har tsawon mako biyu ko uku. Saniya in ta fito da aibi ana iya mayar da ita a karɓi kuɗi. Dare ashirin da mutum ya ɓatar a kan littafin banza, wa zai mayar masa?

Idan mun yarda dillanci ne, to sharuɗɗan dillalin kirki sun hau kanmu. Ba sai mun ƙirƙiro su ba, mun tashi mun tarar da su a kara.

Ka ga hajar da idonka

Dillalin da ya yabi saniyar da bai gani ba, ko a kara dariya za a yi masa. Amma a hirar littattafai abin ya zama ruwan dare. Akwai littattafan da kowa ke yabo saboda kowa na yabo. Ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Da wuya ka sami Bahaushen da zai ce bai san shi ba. To, tambaye shi abin da ke cikin littafi na uku, inda aku ke koya wa ɗansa dabarun ba da labari, sai ka ga ya soma sosa ƙeya. Da yawa labari biyu ko uku suka karanta a firamare, ko suka ji ana karantawa a rediyo, shi ke nan. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne lokacin da mutum ya yi magana da muryar wanda ya karanta daga bango zuwa bango.

Malaman hadisi sun bar mana darasi a nan. Sun bambanta tsakanin mai cewa "na ji da kunnena" da mai cewa "labari ya iso mini", kuma ba su ɗauki maganganun biyu da nauyi ɗaya ba. Mu ma hakan ya kamace mu. Ba aibi ba ne ka ce, "Ban karanta ba, amma malam wane ya yaba shi, kuma ban taɓa jin ya yabi abin banza ba." Ba aibi ba ne ka ce, "Na kai rabi, ya zuwa inda na tsaya dai yana da daɗi." Ka faɗi iyakar saninka, mai sauraro ya auna da kansa. Abin da bai dace ba shi ne ka ari bakin wasu ka ci albasa, ka rantse a kan abin da idonka bai gani ba. Shaida ce fa kake bayarwa, ko da a kan benci ne ana shan shayi.

Ka faɗi aibin

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin haja haramun ne. Kuma babu littafin ɗan Adam da ba shi da inda ya gaza. Matsalarmu ita ce, in littafi ya burge mu sai mu zama kamar masu kai lefe, ba ma ganin komai sai kyau. Alhali faɗin aibi bai rage wa littafi daraja, shi ne ma ke sa a yarda da yabon.

Ga misali daga cikin gida. Akwai littafin da wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya rubuta a kan unguwar nan tamu, Custom and Politics in Urban Africa, wanda ya fito a 1969 bayan ya zauna a nan a farkon shekarun 1960. Duk ɗan Sabo mai jin Turanci ya kamata ya san da shi, don ya bayyana yadda cinikin shanu da goro da tsarin masu gida suka gudana a zamanin kakanninmu dalla-dalla. Amma mai ba da shawararsa da gaskiya zai ƙara da cewa: Turancinsa na jami'a ne, ba a karanta shi a gaggauce, ya kalli shigar mutanen unguwa ɗariƙar Tijjaniyya ta fuskar siyasa da haɗin kan 'yan kasuwa, abin da dattawa da yawa ba za su yarda shi ne dukan labarin ba, sannan ya yi doguwar magana a kan mata masu zaman kansu a unguwa, wadda ba kowa zai ji daɗinta ba. Wanda aka gaya wa haka, in ya buɗe littafin ya san inda ya sa ƙafa. Wanda kuwa aka ce masa kawai "littafi ne na tarihinmu mai daɗi", yana iya kaiwa babi na biyu ya rufe da fushi, ya riƙe wanda ya ba shi a zuci.

Haka Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Ya soma da yaƙi da Turawa, abin da ke da ƙamshin tarihi, daga baya kuma ya tsunduma duniyar aljannu da abubuwan al'ajabi. Wanda ya shige shi don neman tarihi tsantsa, a gaya masa tun farko. Haka kuma littattafan zamani masu fitowa kashi-kashi. Adalci ne ka ce wa 'yar'uwarka, "Yaya, na ɗaya da na biyu kawai ke hannuna, na uku ban same shi ba," ko "Marubuciyar ba ta gama ba tukuna," kafin ki jefa ta cikin labarin da zai bar ta a rataye.

Ka san mai saye

Sharaɗi na uku shi ya fi wuya, don ba a littafin yake ba, a mutumin yake. Dillali nagari bai kai wa mai neman saniyar tatsa bijimin yanka, komai ƙibarsa. Tsarin karatun zaure ma haka aka gina shi. Ba a ɗora wa ɗalibi Muhtasar alhali bai sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya ba. Ba don Muhtasar na da laifi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Malamin da ke cewa "yanzu sai ka ɗauki kaza" yana duban ɗalibin ne kafin ya dubi littafin.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙaramin littafi ne mai nauyi: yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bautar da mutane. Ga saurayin da ke zaton zamanin da duk daɗi ne, magani ne. Ga uwar da ba ta daɗe da rasa ɗa ba kuwa, a yi tunani sau biyu kafin a miƙa mata. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu labarin mace ne da miji ya wulaƙanta ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, ta tashi ta riƙe kanta. Wata in ta karanta shi a cikin irin wannan hali ƙarfin zuciya za ta samu. Wata kuwa gishiri ne a kan gyambo. Littafin ɗaya ne, matan ne biyu, kuma sai wanda ya san su zai iya bambancewa. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, mai magana a kan barin ƙauye don ruɗin birni, yana iya yi wa sabon zuwa da ya sauka tasha da jaka ɗaya amfanin da wa'azin awa guda bai yi masa ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen 'ya'yanmu. Yaron da aka haifa a nan yana jin Hausa a gida, yana jin Yarbanci a titi, yana karatu da Turanci a makaranta. Da yawansu ba su taɓa karanta shafi guda na Hausar boko ba, in sun ga ƙ da ɗ da ɓ sai su tsaya. Littafin Hausa na farko da za a sa wa irin wannan yaro a hannu, yana iya zama na ƙarshe. In aka ba shi mai tsauri, ko mai gundura, ko wanda aka buga da kurakurai har ba a gane jimla, zai yanke hukunci a ransa cewa rubutun Hausa ke nan, ba zai sake waiwaya ba. Nan fa ba dare ashirin aka yi hasara ba, makaranci guda aka rasa har abada, watakila da 'ya'yansa.

Sanin yaron shi zai nuna ƙofar da za a bi. Wanda ya karanta labarin maharbin nan na D. O. Fagunwa a ajin Yarbanci, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale, wanda ya fito a 1938, ya riga ya san daɗin labarin mutumin da ya shiga duniya ya gamu da abubuwan mamaki. Sai a ce masa, "Mu ma muna da irinsa," a miƙa masa Ruwan Bagaja, ya sha dariyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Wadda Turanci ya fi mata sauƙi, a sanar da ita cewa an fassara Shaihu Umar tun 1967, an kuma fassara Alhaki Kuykuyo Ne a 2012; ta soma da fassarar, in labarin ya kama ta, da kanta za ta nemi na asali.

Masu cewa an cika tsanani

Mun san akwai mai cewa, "Haba jama'a! Hirar littafi ce fa, ba shari'a ba. In sai na cika waɗannan sharuɗɗa kafin in buɗe baki, ai gara in yi shiru. Kuma littafi ba saniya ba ne. Saniya mai ciwo kowa ya gani ya san mai ciwo ce, amma littafin da ya gundure ni yana iya hana wani barci. Abincin wani gubar wani."

Wannan magana tana da gaskiya a ciki, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Ɗanɗano ya bambanta. Makaranci baligi ne mai hankalinsa, ba a ɗaure shi aka ce sai ya gama ba, in ya kai shafi talatin bai ji daɗi ba yana da ikon rufewa. Wanda ya ba da shawara da zuciya ɗaya, bayan ya karanta, ya faɗi abin da ya sani, sannan littafin bai yi wa ɗan'uwansa daɗi ba, babu komai a kansa. Ko maigida a kara ba ya lamunce wa falke cewa zai ci riba. Abin da ya lamunce shi ne ba a yaudare shi ba. Iyakar amanar ke nan: gaskiya a kan abin da ka sani, da kula da wanda kake yi wa magana. Wannan kuwa bai fi ƙarin jimla biyu a kan abin da muka saba faɗa ba.

Mai wannan ƙorafi zai iya ƙarawa da cewa dillali la'ada yake karɓa, shi ya sa ake tuhumarsa, shi kuwa mai ba da shawarar littafi ba ya samun ko kwabo. A nan ne ba mu yarda ba. Akwai la'adar da ba ta shiga aljihu. Wani yana ambaton manyan littattafai ne don a ce wane ya yi karatu. Wani yana tallata littafi don marubucin abokinsa ne ko ɗan garinsu. Wani kuma littafin ɓangarensa na addini ko na siyasa yake turawa, ya lulluɓe shi da sunan "ka karanta don ƙarin ilmi", alhali so yake ya jawo mutum layinsu. Babu laifi mutum ya so abokinsa ko ra'ayinsa. Amma ya faɗa: "Marubucin nan abokina ne," ko "Wannan littafin mutanenmu ne, ga yadda muke kallon abin." Dillalin da ke da hannun jari a saniya ya ɓoye, ko da saniyar lafiyayya ce, ya ci amanar mai saye.

"Kada ka karanta" ma shaida ce

Duk abin da muka faɗa a kan yabo, ya hau kan kushe, har ma ya fi. Tun da littattafan soyayya suka yawaita a Kano a shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka zagaya ko'ina, ake ta muhawara a kansu. Har ta kai a 2007 an tara wasu an ƙona a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano. A nan unguwar ma muna jin masu cewa littattafan nan duk ɓata tarbiyya ne. Ka tambayi mai maganar wanne ya karanta, sai ya ce shi Allah ya kiyaye ya karanta irin wannan.

Ba muna cewa duk abin da aka rubuta mai kyau ba ne. Akwai na batsa, musamman cikin waɗanda ke yawo a waya ba tare da wani ya tace ba, kuma uba ko uwa suna da cikakken haƙƙi, har ma wajibi, su san abin da ke shiga idon 'ya'yansu. Amma a cikin rubutun nan da ake yi wa kuɗin goro akwai waɗanda suka yi magana a kan auren dole, da hana 'ya mace karatu, da zaluncin miji, da cin dukiyar marayu, tun lokacin da ba kowa ke iya faɗa a fili ba. Akwai matan da suka koyi karatun Hausa ta dalilinsu. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, kuma duk wanda ya saurari labaran da ake karantawa ya san akwai masu alƙalami na gaske. Wanda ya haɗa waɗannan duka ya ce shara ne, bai buɗe ko ɗaya ba, ya yi wa bayin Allah shaidar abin da bai gani ba. Uban da ke tsoron littafin da ke hannun 'yarsa, hanya mafi kusa ita ce ya karɓa ya karanta, ko ya ba mahaifiyarta ko gwaggonta mai karatu. In ya hana bayan haka, ya hana da hujja, kuma yarinyar za ta san da hujja aka hana ta. In ya hana a makance, abin da ya koya mata shi ne ɓoyewa.

Shiru ba mafita ba ne

Kada wani ya ji wannan duka ya ce to shi ya daina ba kowa shawara, ya huta. Wannan ma gazawa ce. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa mai nuna hanyar alheri yana da rabonsa na lada. A wurin da littafi ke wuyar samu kamar nan, wanda ya karanta abu mai amfani ya kulle a akwati ya yi shiru, ya yi kama da wanda ya san inda rijiya take a lokacin fari ya ƙi faɗa. Maigidan da ya ce ba zai tsaya wa kowa ba don gudun asara, ai ya tashi daga maigida.

Sai dai mu faɗi gaskiya, abin da ke sa mutane kulle akwati sananne ne: aro ba mayarwa. Amana tana da kai biyu. Wanda aka ba shawara aka kuma ba shi aron littafi, akwai abin da ke wuyansa. Ya mayar, a kan lokaci, da bangonsa, ba tare da tabon manja ba. Kada ya ba wani aron abin da shi ma aro ya karɓa sai da izini, don ta nan littattafai ke ɓacewa, daga hannu zuwa hannu har a rasa wanda za a tambaya. Littafin da aka yi saƙonsa tun daga Kano ya ɓace a hannunka, ba ƙaramin abu ka jawo ba, ka sa mai shi ya rufe ƙofa ga duk mai zuwa bayanka. Haka littafin waya da marubuciya ta sa wa kuɗi: tura shi kyauta ga mutum hamsin ba shawara ba ce, cin guminta ne. Ka faɗi sunan littafin, ka faɗi inda ake biya, ka bar mai so ya saya.

Sannan akwai bashi na ƙarshe wanda muka fi mantawa, wato ka koma ka faɗi yadda ka same shi. In ya yi maka daɗi ka ce ya yi. In bai yi ba ka faɗa cikin ladabi: "Baba, na karanta, amma ni ƙarshensa bai gamsar da ni ba, ga dalilina." Kunya tana sa mu ce "ya yi kyau ƙwarai" alhali ko rabi ba mu kai ba, sai mai shawara ya tafi da zaton ya san ɗanɗanonmu, gobe ya sake kawo mana irinsa. Da wannan komawar ne ake sanin wa ke son tarihi, wa ke son barkwanci, wa ba ya jure labari mai ban tausayi. Da ita ce kuma unguwa ke gane bakin wa za a riƙa yarda da shi, kamar yadda fatake suka gane masaukin da ba a cutar baƙo.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu ci gaba da tambayar juna abin da muke karantawa, mu ma ƙara. Abin da muke roƙo kaɗan ne. In za ka ce "karanta wannan", ka haɗa da inda ka kai a cikinsa, da abin da ya burge ka, da inda ya gaza, da dalilin da ya sa kake ganin zai dace da wannan mutumin da ke gabanka. In kuma yaro ne ɗan unguwa da bai taɓa riƙe littafin Hausa ba, ka zaɓa masa kamar yadda za ka zaɓa wa ɗan cikinka, ka zauna ku karanta shafin farko tare har ya saba da ƙ da ɗ. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana a ƙanana da manyan al'amura, ya amfanar da mu da abin da muke karantawa.